Kan Jirgin Ƙasa Samfurin "Kogi": Tarihinsa da Ƙirarsa

Gabatarwa



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne wani kan jirgin ƙasa mai aiki da kwal da tururi, wanda aka fara kawowa Nijeriya cikin shekarar 1948, saura shekara 12 mulkin Ingilishi ya ƙare. Turawan reluwe sun kira wannan samfuri River, watau Kogi, domin kowane inji daga cikinsu an laƙaba masa sunan wani kogi na ƙasar nan, kamar Gongola da Karaɗuwa. Mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa mai nazarin tarihi da ƙarfe da baƙin mai, ai wannan sha'anin injiniyoyi ne. Amsa ita ce, inji ma shaida ne, kamar yadda takardar da ke ajiye a gidan adana kayan tarihi na Kaduna take shaida. Wanda ya zana shi yana da wata buƙata da yake son biya, kuma buƙatar nan tana bayyana a jikin abin da ya zana. Idan muka duba girman ƙafafun wannan inji, da faɗin murhunsa, da nauyin da yake ɗora wa dogo, za mu gane abin da aka shimfiɗa reluwen Nijeriya dominsa, mu kuma gane abin da aka bar mana da abin da aka hana mu.

Hanyar da Aka Shimfiɗa

Ba a zana kan jirgi sai an san dogon da zai bi, saboda haka tilas mu fara da dogon.

An soma aikin hanyar jirgi daga Ikko, watau Legas, a ƙarshen ƙarni na 19, ta isa Badun cikin 1901, ta kai Jebba a bakin Kwara cikin 1909. A Arewa kuwa, Sir Percy Girouard, wanda injiniyan reluwe ne ɗan asalin Kanada, shi ya gaji Lugard cikin 1907, kuma a zamaninsa aka fara hanyar Baro zuwa Kano, mai tsawon kimanin mil 350. Dogo ya iso Kano cikin 1911, aka buɗe shi ga fatake da matafiya cikin 1912, a shekarar nan kuma aka haɗe hanyoyin biyu ƙarƙashin hukuma guda. Talakawan da sarakuna da hakimai suka tara bisa umarnin Turawa su suka haƙa ƙasa, suka ɗauki ƙarfe a ka, wannan ne aikin diga, wanda har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi wa waƙa.

Abu biyu ya kamata mu riƙe game da wannan hanya. Na farko, faɗinta tsakanin ƙarfe da ƙarfe inci 42 ne, alhali a Ingila kanta inci 56 da rabi ake amfani da shi. Na biyu, an gina ta ne da araha iyakar iyawa, domin ƙa'idar gwamnatin Ingila ita ce kowace ƙasar mallaka ta ɗauki nauyin kanta. Saboda haka aka sa ƙarafa marasa kauri, aka yi gadoji marasa ɗaukar nauyi mai yawa, inda kuma aka tarar da tudu, maimakon a fasa shi sai a kewaye shi, hanya ta cika da kwana da hawa da gangara. Duk injin da zai yi aiki a nan daga baya, tilas ya zauna da wannan gādo.

Gyaɗar Kano da Kwal na Inugu

Masu masaƙun Lancashire sun goyi bayan kawo dogo Kano ne da zaton za su sami auduga. Amma manoman ƙasar Kano suka yi nasu lissafin: audugarsu tana da kasuwa wajen masaƙan gida, gyaɗa kuwa ana iya cinta in fari ya zo, ga shi kuma attajirai irin su Alhassan Ɗantata suna saye da daraja. Cikin 1913 kaɗai gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ta kusa ton 20,000, daga nan kuma ta yi ta hauhawa. Aka miƙa dogo zuwa Ƙauran Namoda cikin 1929, da Nguru cikin 1930, duk don bin sawun gyaɗa da auduga da fatu.

Abincin injin kuwa daga Gabas ya fito. An gano kwal a tuddan Udi cikin 1909, aka shimfiɗa hanya daga Fatakwal zuwa Inugu, ta isa cikin 1916. Hanyar nan ta ci gaba ta Makurɗi da Kafancan har ta sadu da ta Ikko a Kaduna, aka kuma gama gadar Binuwai a Makurɗi cikin 1932. Kwal na Inugu yana ci da wuta sosai, amma bai kai na Wales ƙarfin zafi ba, kuma yana da saurin farfashewa ya zama gari. Injin da aka zana don kwal na Ingila, idan aka ciyar da shi na Inugu, sai tururinsa ya kasa a tsakiyar hawa.

Halin da Ake Ciki Bayan Yaƙi

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, an yi wa reluwen Nijeriya aikin jaki. Ya ɗauki soja, ya ɗauki kuza daga Jos, ya kai man jiragen sama Kano, ga shi kuwa masana'antun Ingila sun koma ƙera makamai, samun sabon inji ko kayan gyara ya yi wuya ƙwarai. Ma'aikata ma sun jigata da tsadar rayuwa, abin da ya jawo babban yajin aiki na 1945, wanda ya wuce kwana 40, ma'aikatan reluwe ƙarƙashin Michael Imoudu suna kan gaba.

Sa'ad da yaƙi ya ƙare, Ingila ta shiga matsanancin ƙarancin man girki da sabulu, har ana raba su da kati. A daidai lokacin nan gyaɗa tana jibge a Kano, ba ta da jirgin da zai kai ta bakin teku. Dalar gyaɗa da muke tinƙaho da hotonta tana nuna ƙwazon manomi, gaskiya ne, amma yawaitarta a shekarun nan alama ce ta gazawar reluwe: amfanin bana yana tarar da na bara bai tafi ba, ƙwari suna ɓarna a cikin buhuna. Maganar ta kai har majalisar dokokin Ingila. Gwamnatinsu ta zuba kuɗi mai yawa daga 1947 a wani shirin noman gyaɗa da tarakta a Tanganyika, shirin ya rushe cikin 1951, alhali gyaɗar da manomin Kano ya riga ya nome da fartanya tana jiran tarago. Wannan matsi shi ya sa aka gaggauta sayen sababbin kawunan jirgi.

Ofishin Crown Agents da ke Landan, wanda shi ke yi wa ƙasashen mallaka sayayya, shi ya tsaya a kan kwangilar. Kamfanin Vulcan Foundry da ke Newton-le-Willows a Lancashire ya ƙera rukunin farko cikin 1948, kamfanin North British na Glasgow ya ƙera wasu, sa'an nan Vulcan ya ƙaro wani rukuni cikin 1954.

Yadda Injin Tururi Ke Aiki

Kafin mu shiga ƙirar Kogi, bari in yi ɗan bayani saboda waɗanda ba su taɓa ganin irin wannan inji ba, domin yawancin ɗaliban da ke zaune a nan an haife su ne bayan an kashe wutarsa.

A bayan inji, gaban direba, akwai murhu, inda mai zuba kwal yake watsa shi da shebur. Zafin wuta da hayaƙi suna bi ta cikin bututai masu yawa da suka ratsa wata doguwar tukunya cike da ruwa. Ruwa ya tafasa, tururi ya taru ba shi da mafita, ƙarfinsa ya yi ta ƙaruwa. Idan direba ya buɗe masa hanya, sai tururin ya sake bi ta wasu ƙananan bututai cikin zafin wuta don ya bushe ya ƙara ƙarfi, sa'an nan ya shiga silinda biyu, ɗaya a kowane gefe, ya tura fistin gaba, ya dawo da shi baya. Sandunan ƙarfe su ke ɗaukar wannan kai da komowa su juya ƙafafu. Tururin da ya gama aiki yana fita ta bututun hayaƙi da ƙarfi, fitarsa kuma tana zuƙo iska ta cikin murhu kamar zugazugin maƙeri. Watau gwargwadon yadda inji ke aiki, gwargwadon yadda yake hura wutar kansa. A bayansa kuma yana jan wani tarago na musamman mai ɗauke da kwal da ruwa.

Ƙirar Samfurin Kogi

Injiniyoyi suna rarrabe kawunan jirgi da lissafin ƙafafunsu. Na Kogi shi ne 2-8-2: ƙananan ƙafafu 2 a gaba, manya 8 a tsakiya waɗanda sanduna suka haɗa, su ne masu ja, sa'an nan ƙanana 2 a baya. Kowane kashi daga cikin ukun nan amsa ce ga wata matsala da muka riga muka ambata.

Mu fara da takwas na tsakiya. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe tana da santsi, kuma abin da aka sani shi ne inji ba ya iya ja da ƙarfin da ya wuce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da ke kan ƙafafunsa masu ja. In ya wuce haka sai su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Don haka mai son jan kaya da yawa yana bukatar nauyi. Amma dogon Nijeriya da gadojinsa ba su jure nauyi mai yawa a wuri guda. Mafita ita ce a rarraba nauyin. Ƙafafun takwas suna jere ne biyu-biyu, jeri huɗu, kowane jeri yana ɗauke da kimanin ton 13, jimla wajen ton 52. Kashi ɗaya cikin huɗu na wannan shi ne ton 13, kuma ƙarfin jan da aka lissafa wa injin, kusan fam 30,000, daidai nan ya faɗa. Ba dace aka yi ba, lissafi ne.

Girman ƙafafun ma yana da magana. Tsayin kowace ƙafa mai ja inci 48 ne. Injunan da ke jan jiragen fasinja masu gudu tsakanin Landan da Edinburgh a zamanin nan ƙafarsu inci 80 ce. Babbar ƙafa tana cin ƙasa mai yawa a juyi guda, ita ce ta gudu. Ƙarama tana ba da ƙarfi a hawa, ita ce ta dako. Silindar Kogi faɗinta inci 18, tafiyar fistin inci 26, ƙarfin tururin tukunya kuwa fam 200 a kan kowane inci murabba'i. Duk wanda ya haɗa waɗannan alƙaluma ya san an yi injin ne don ya ɗauki taragun buhuna daga Kano ya yi mil 700 da su zuwa Apapa, a hankali, ba tare da ya tsaya a tudu ba. Ya ja jiragen fasinja ma, amma saurin isar matafiyi ba shi ne abin da aka sa a gaba ba.

Ƙananan ƙafafu biyu na gaba aikinsu jagora ne. Su ke fara shiga kwana, su karkato da kan inji sannu a hankali, don kada manyan ƙafafu su daki ƙarfen dogo su ci shi, ko su sauka daga kansa. A hanya mai yawan kwana irin tamu ba a yi sai da su.

Biyun baya kuwa, a ganina, su ne zuciyar ƙirar. A injin da ba shi da su, murhu yana zama ne a tsakanin manyan ƙafafu ko a bisansu, kuma a dogo mai faɗin inci 42 wurin da ke tsakanin ƙafafu ƙanƙane ne ƙwarai. Ƙaramin murhu yana wadatar da mai kwal mai ƙarfi. Mai kwal irin na Inugu kuwa tilas ya ƙona da yawa kafin ya sami zafi ɗaya, kuma in ya cusa shi a matsattsen wuri ya tsananta iska, garin kwal ɗin sai ya tashi ya fice ta bututun hayaƙi bai ƙone ba. Da aka sa ƙananan ƙafafu a baya, sai murhu ya koma bayan manyan ƙafafu, ya sami sarari ya faɗaɗa har ya zarce faɗin dogo, su kuma ƙananan su tallafe shi. Da haka ake shimfiɗa kwal a fili mai faɗi, ya ci a natse.

Wannan dabara ta girmi Kogi da shekara 50. Cikin 1897 kamfanin Baldwin na Amurka ya ƙera wa Japan injuna masu tsarin 2-8-2, don su ƙona kwal maras ƙarfi a kan dogo mai faɗin inci 42, daidai da namu. Daga nan ne ake kiran tsarin Mikado, laƙabin sarkin Japan. Matsala iri ɗaya ta haifi amsa iri ɗaya.

Shaidar cewa zanen ya karɓu ita ce an kwaikwaye shi. Reluwen Afirka ta Gabas, mai kula da Kenya da Uganda da Tanganyika, ya sa North British ya ƙera masa injuna 31 bisa tsarin Kogi tsakanin 1951 da 1955, aka kira su aji na 29. Bambancinsu shi ne dogon can faɗinsa mita guda ne, suna ƙona mai a maimakon kwal, kuma sunayen ƙabilu aka sa musu.

Mutanen da Suka Riƙe Shi

Inji ba ya tafiya shi kaɗai. Mai zuba kwal yana tsaye gaban wuta cikin zafin bazara, yana ɗiba yana watsawa sa'o'i da yawa. A loko na Zariya da Minna da Kafancan akwai masu kwashe toka, da masu wanke tukunya, da makanikai. Manyan gyare-gyare kuwa a Ebute Metta da Inugu ake yi. A can ƙarƙashin ƙasa kuma akwai masu haƙar kwal. Ran 18 ga Nuwamba 1949, shekara guda bayan zuwan Kogi, 'yan sanda ƙarƙashin jami'in Bature suka buɗe wuta a kan ma'aikatan mahaƙar Iva Valley da ke neman hakkinsu, suka kashe mutum 21. Kwal ɗin da faffaɗan murhun nan ya ci, da irin wannan tsada aka samo shi.

Sai dai duk da ƙwarewar da 'yan ƙasa suka samu wajen tuƙi da gyara, babu ko ɗaya daga cikin samfurin nan da aka zana ko aka ƙera a Nijeriya. Tukunya da silinda da ƙafafu duk ta jirgin ruwa suka zo. Mu kwatanta da Indiya. Ta sami 'yanci cikin 1947, kuma cikin 1950 masana'antarta ta Chittaranjan ta fitar da kan jirginta na farko, shi ma 2-8-2 ne. Kafin ta daina ƙera masu tururi ta yi sama da 2,000. Indiya ta ɗauki ilmin ƙira a matsayin wani ɓangare na 'yancin kai.

Ƙarshen Zamanin Tururi

Kogi ya zo ne da yamma. Cikin 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Reluwe ta Nijeriya, aka kawo injunan dizal na kamfanin English Electric. Dalilan a fili suke, musamman a Arewa. Injin tururi yana shan ruwa ninkin nauyin kwal ɗin da yake ci sau da yawa, ruwa kuwa da rani abin nema ne. Kwal ɗin kansa sai an ɗauko shi daga Inugu, tafiyar sama da mil 500 kafin Kano, a cikin taragun da da kayan ciniki za su ɗauka. Ga shi kuma an fara fitar da man fetur daga ƙasar nan cikin 1958.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke hanyar Inugu, mahaƙu suka tsaya, ruwa ya cika wasunsu. Injin da aka zana musamman don kwal na Inugu ya rasa abincinsa. Bayan yaƙi masu tururi suka yi ta raguwa cikin shekarun 1970 har aka daina aiki da su. Masana'antun da suka haife su ma ba su tsira ba: North British ya karye cikin 1962, Vulcan kuwa ya shige ƙarƙashin English Electric ya koma ƙera na dizal da lantarki. Yawancin injunan Kogi an yayyanka su an sayar a matsayin tsohon ƙarfe. Mai lamba 211, mai sunan Karaɗuwa, kogin ƙasar Katsina, yana cikin 'yan kaɗan da suka kuɓuta, ya kuma daɗe a ajiye a Ebute Metta.

Kammalawa

Shugaban taro, ba na cikin masu cewa duk abin da Bature ya kawo banza ne. Samfurin Kogi inji ne mai kyau, waɗanda suka zana shi sun san aikinsu, sun auna dogonmu da kwal ɗinmu da tuddanmu, suka fito da abin da ya dace da su. Amma buƙatar da suka biya ita ce yadda za a kwashe amfanin gona daga tudu zuwa teku da mafi ƙarancin kuɗi. Babu wanda ya ɗora musu aikin haɗa Sakkwato da Barno, ko na koya wa yaron Zariya zanen tukunya. Mu muka ba da kwal, da gyaɗa, da gumi, da sunayen koguna. Takardun zane suka zauna a Lancashire da Glasgow.

An buɗe sabon dogo mai faɗin inci 56 da rabi tsakanin Abuja da Kaduna cikin 2016, da na Ikko zuwa Badun cikin 2021. Kamfanin ƙasar Sin ne ya shimfiɗa su, kawunan jirgin da ke binsu kuma daga can aka kawo. Faɗin dogo ya sake, mai sayarwa ya sake, matsayinmu na mai saye yana nan. Saboda haka nake kira ga sassan tarihi da na injiniya na jami'o'inmu su haɗa hannu, su tattara takardun reluwe da suka rage, su ɗauki bayanin tsofaffin direbobi da makanikai tun suna raye, su kuma sa ɗalibai su auna injunan da suka saura su zana su da hannunsu. Hausawa suna cewa kowa ya kwana lafiya shi ya so, kuma wanda bai koyi ƙira ba, kullum yana ƙofar maƙeri da kuɗinsa a hannu.